Kalmasa

Na ce da Ɗanjuma tela
ya bar kalmasa mai zurfi a ƙafar wandon,
yatsa huɗu, in yadin ya kai.
Yaron nan da daddare yake tsawo
kamar dawa a tsakiyar marka.
Shekara uku wandon zai yi,
haka muka shirya da aljihu.

Firamare a bayan dangarmu take.
In an buga ƙarfe ina ji daga madafi,
in suna biya karatu
har taɓarya takan bi amonsu.
Yanzu kuwa sai Aujara:
ya wuce rijiyar makiyaya, ya haye kwalbati,
ya bi gefen kwalta
inda motocin riɗi ba sa raga wa kowa.
Babansa ya sauke sirdin keke har ƙasa,
ya bi shi a baya ran Asabar, ba makaranta,
don ƙafa ta san hanya
kafin zuciya ta tsorata.

Ɗan fari ne. Ba na kama sunansa.
Shekara goma sha biyu ina cewa "kai", ina cewa "wancan",
in ana yabonsa in shige ɗaka.
Haka na tarar.

Makon farko ya dawo baki cike:
malamai tara, kowa da littafinsa,
ƙararrawa ta kori wannan ta kawo wancan.
Mako na uku ya dawo da shiru.
Ya jingine keke, sallama can ƙasa-ƙasa,
ɗanwake ya sandare a kwano.
A nan shi ke riƙe alli, shi ke goge allo;
can yana bencin baya,
cikin yara saba'in
ba wanda ya san shi ya zo na biyu a garinmu.

Malam Tasi'u ya zo sayen mai, ya tsaya a zaure:
"Hansatu, ba sai kin yi boko ba.
Kar ki ce, nawa ka ci?
Ki ce, wa ke zama kusa da kai?
Sannan ki yi shiru, ki ba shi wuri."

Ni? Ɗan fari?
Kwana biyu ina murza maganar kamar tunkuza.

Daren Laraba ina ɓarar gyaɗa,
na tura masa ƙwarya ban dube shi ba.
Na ce da gyaɗar, ba da shi ba:
"Ko wa ke zama kusa da mutum a can, oho."
Ya ɓare biyar. Ya ɓare goma.
Can ya ce, "Wani Nafi'u ne.
Shi ma Turancin malamar kimiyya gudu yake masa.
Kuma an ɗauke min biro. Na ji tsoron faɗa."

Biro!
Biro ɗaya ya hana tuwo wucewa kwana huɗu.

Tun ranar muka raba aiki.
Ƙanensa ya karɓi yankan ciyawar awaki.
Babansa kan kai fitila caji ran kasuwa,
ya je taron iyaye, ya zauna gaba
da rigar Juma'arsa, ya yi tambaya har biyu.
Jadawalin darasi na manne a jikin rumbu;
ban iya karanta shi ba,
amma na san ran Talata jaka ta fi nauyi,
ran nan nakan ƙara koko.
Ƙuli kuwa ƙulli biyu nake yi,
ɗaya nasa, ɗaya na Nafi'un da ban taɓa gani ba.

Har yanzu akwai ranar shiru.
In ta zo, ƙwaryar gyaɗa na nan.

Jiya na ga idon sawunsa ya leƙo.
Na ɗauko reza, na warware kalmasa yatsa ɗaya.
Ina cikin ɗinki sunan ya zo min baki,
na waiga, ba kowa,
na faɗa wa allura a hankali:
Sagiru.

Saura yatsa uku.